Sakatare da Ginshiƙi na Bakwai

Mijina ba ya iya ganin abu uku a wuri ɗaya bai jera su ba. Idan baƙi suka cire takalma a ƙofar falo, kafin su gama gaisawa ya lallaɓa ya jera su daga babba zuwa ƙarami. Wata rana na dawo daga asibiti na tarar ya shiga kicin ɗina ya jera gwangwanaye bisa harafin farko na abin da ke ciki. Hannuna ya san inda gishiri yake tun ina amarya, ban duba ba na ɗebo, ranar nan da sukari muka ci miya. Da na yi magana sai ya ce laifina ne da ba na karanta abin da aka rubuta. Da wannan mutumin nake zaune fiye da shekara talatin, kuma har yau ban tsinke ba, sai dai na kusa.

Ni ungozoma ce, a ɗakin haihuwa na yi aiki har na ajiye. Shi ya sa yake ce min Sista, ko a gaban surukai. Ni kuma Malam nake ce masa, amma duk unguwa yanzu Sakatare suke kiransa, har jikokinsa.

Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, ina jin a can ya ɗauko wannan ciwon na ƙananan abubuwa. Da ya gama makaranta ya samu aiki a hukumar ruwa, aka sa shi a ɗakin kwamfuta, wani ɗaki mara taga mai sanyi kamar firij. Ana zafin da kowa ke neman inuwa, shi da rigar sanyi yake fita aiki. Masu karanta mita su kawo lambobi, shi ya shigar da su, layi bayan layi: lambar gida, unguwa, karatun watan jiya, karatun wannan wata. Kowane layi gida ɗaya ne. Kowane jeri da ya sauko daga sama zuwa ƙasa kuma shi ne ginshiƙi. Aikinsa shi ne ya ce wa na'ura ta jera masa dubban layukan nan bisa ginshiƙin da yake so, don a ga wane gida ne ya fi shan ruwa, wace mita ce ta tsaya cak. Allon baƙi ne ƙirin, babu hoto, babu komai sai ƙaramin haske yana ƙiftawa yana jiran a rubuta masa umarni. Kalma ɗaya ce ta riƙe masa aiki duk tsawon shekarun nan, sort, sai wasu 'yan haruffa da lambobi da yake liƙa mata a baya.

Ya taɓa gano wani bututu da ya fashe a ƙarƙashin wata makaranta ta wannan hanyar, ba tare da ya tashi daga kujera ba. Duk baƙon da ya zo gidan nan ya ji labarin bututun nan. Abinci ya sha hucewa a kansa.

Da aka kawo sababbin kwamfutoci masu launi da ɗan linzamin nan da ake ja a kan tebur, kowa a ofis ya yi murna ban da shi. Ɓera yake kiran linzamin. Ya laluba cikin sabuwar kwamfutar har ya gano inda baƙin allonsa ya ɓuya, ya buɗe shi, ya ci gaba da zama a ciki kamar ba a yi komai ba. Ranar da ya yi ritaya suka ba shi agogon bango, shi kuma ya roƙi wata tsohuwar kwamfuta da za a jefar. Ya kawo ta gida a bayan tasi, ya rungume ta kamar jaririya, ya girke ta a ɗakin da Auta ta bari da ta tafi aiki wani gari.

Watannin farko na ritayar nan, Allah kaɗai ya san abin da na gani. Mutum ba shi da abin jerawa sai ni. Ya bi ni kicin, ya bi ni wajen shanya, yana tambaya me ya sa na rataya zani kusa da safa. Don haka ranar da Ciyaman ɗin kwamitin ƙwallo ya yi sallama, wani makanike mai ƙaton ciki da muryar da ba ta buƙatar lasifika, ya ce suna neman wanda zai riƙe musu teburin gasar ƙwallo, kafin Malam ya buɗe baki na ce ya yarda.

Gasar ta masu sana'a ce, ana buga ta duk Asabar da Lahadi a filin da ke bayan tasha. Ƙungiya takwas: Makanikai, Direbobi, Teloli, Kafintoci, Magina, Mahauta, Maƙera, sai Malamai, waɗanda ba su taɓa cin komai ba amma ba sa fashin zuwa. Da alli suke rubuta teburin a bangon shagon aski, kuma duk wanda ya wuce da jiƙaƙƙen yatsa yana iya ƙara wa 'yan uwansa maki. An sha ba hammata iska a kan bangon nan. Malam ya ɗauki abin kamar an naɗa shi alƙalin alƙalai. Ya buɗe fayil, ya ba kowace ƙungiya layi ɗaya mai ginshiƙi bakwai: suna, wasannin da aka buga, nasara, canjaras, faɗuwa, bambancin ƙwallaye, maki. Tsakanin kowane biyu sarari ne kawai. Duk Lahadi da yamma alƙalin wasa ya aiko da sakamako a 'yar takarda, Malam ya gyara lambobi, ya ba na'ura umarni, ya buga, ya kai shagon aski a manna. Faɗa ya ragu sosai, wannan kam gaskiya ne. Duk wanda ya zo da ƙorafi amsa ɗaya yake samu.

"Ni ban jera ku ba. Na'ura ce, kuma ita ba ta da ɗan uwa a cikinku."

Har ƙa'ida ya kafa wa kansa cewa ba zai taɓa lissafa teburin da ka ba, wai kai yana da son kai.

Ana cikin shekara ta huɗu idanunsa suka soma dushewa. Ya ɓoye min har sai da na gan shi ya kafa hanci a jikin allo kamar mai shinshina. Filin ma ya daina zuwa, yana cewa rana ta yi yawa. Likita ya duba ya ce yanar ido ce a duka biyun, za a fara cire ta dama. Ranar da asibiti suka bayar kuwa ta faɗo daidai makon ƙarshe na gasa, makon da za a fitar da ƙungiyoyi huɗu na sama su tafi wasan kusa da na ƙarshe. Malam ya ce a ɗaga aikin. Na ce idan ya sake faɗin haka zan ɗaga shi da kaina in kai shi.

Aka yi aiki lafiya. Aka rufe idon da bandeji, aka ɗora masa baƙin tabarau, likita ya ce babu sunkuyo, babu ƙura, babu kallon allo. Ɗaya idon kuwa ko yatsuna ba ya iya ƙirgawa daga ƙofa. To, wa zai yi tebur? Ni, wadda ban taɓa danna komai a kwamfutar nan ba sai da tsumman goge ƙura.

Ranar Asabar kyaftin ɗin Teloli ya zo. Almakashi ake ce masa saboda yadda yake harɗe ƙafafun mutane a fili. Ni na karɓi haihuwarsa, kamar yadda na karɓi ta kusan rabin 'yan wasan nan. Ya gaishe da mara lafiya, ya miƙo min takarda ya ce sun shigo da samarin nan masu keken ɗinki na lantarki cikin ƙungiya, don haka sun canza suna, a gyara a tebur. Da ya fita na ce, "Malam, teloli fa sun..."

"Sista, kaina yana sarawa. Abin da ke takarda shi za ki rubuta. Kada ki ƙara, kada ki rage."

To, ban ƙara ba, ban rage ba. Na goge Teloli na rubuta Sababbin Teloli, kamar yadda yake a takarda. Ina so a riƙe wannan, domin har yau akwai mai cewa da hannuna a ciki.

Lahadi da yamma sakamako ya iso. Ya zauna a bakin gado ya miƙe wuya kamar wanda ake yi wa aski, ni kuma ina kan kujerarsa da tabarauna a karan hanci. Gyaran lambobin bai ba ni wuya ba, wanda ya ci a ƙara masa uku, canjaras ɗaya. Wajen umarnin ne aka yi ta.

"Rubuta sort. Es, o, ar, ti. Sai sarari."

"Sarari nawa?"

"Ɗaya mana! Sai karan ɗori. Ke ƙarama."

"Ni ce ƙarama?"

"Harafin ke, Sista, harafin! Ƙarami, ba babba ba."

"To ka ce harafi mana. Mutum yana zaune da jikoki a ce masa ƙarama."

Ya ja numfashi. "Bakwai, waƙafi, bakwai. Wato ta duba ginshiƙi na bakwai kaɗai, na maki. Sai en, sai ar."

Na laluba na danna abin da na samu. Ya sa na ƙara wani irinsa na ginshiƙi na shida, don idan maki ya zo ɗaya a raba da ƙwallaye, sannan sunan fayil, sannan na danna babban maɓallin nan na gefe. Layuka suka zubo.

"Wa ke sama?"

"Malamai."

Sai da ya miƙe tsaye. "Malamai? Da maki nawa?"

"Tara."

"Kin bar en! Idan babu en ba ta san lamba ce ba, harafin farko kawai take kallo. Sai ta ga tara ya fi biyun da ke gaban ashirin da takwas."

"Wannan ce na'urar da ba ta kuskure? Yaron aji ɗaya ya san ashirin ta fi tara."

"Ba kuskure ta yi ba, abin da kika ce mata ta yi."

"Zauna kafin ɗinkin ya buɗe."

Na sake rubutawa daga farko, da en ɗinsa da komai. Wannan karon ya sa na ƙara wata doguwar sanda a tsaye, wadda na yi ta nema har sai da ya tuna a wane lungu take, da wata kalma head da lamba huɗu, wai don ta yanko mana layi huɗu na sama kawai, tunda su kwamiti ke jira. Na karanta masa: Makanikai, Direbobi, Kafintoci, Mahauta.

Ya ce, "Teloli fa?"

"Babu su. Kuma sun ci wasansu na yau, ga shi a takarda."

"Mahauta ma sun ci." Ya shafa gefen bandejin. "Ba a lissafi da ka. Haka ta ce, haka ne. Kira Ciyaman."

Na kira Ciyaman na karanta masa sunaye huɗu, na ɗiga wa Malam magani, na ce Alhamdulillahi, an rabu da wannan.

Washegari da hantsi sai ga ɗan aike daga shugaban mahauta da cinyar rago guda, wai a gaida Sakatare da jiki, kuma suna godiya. Ban kawo komai a raina ba. Mara lafiya yana buƙatar romo. Na yanka na ɗora, gida ya ɗauki ƙanshi.

Bayan azahar na ji hayaniya a ƙofa. Na leƙa, teloli ne, sun fi goma, wasu da tef ɗin awo a wuya, wani da guntun zare a leɓe, ka san daga kan keke suka taso. Almakashi ne a gaba, ya cire hula.

"Mama, ba da ke muke ba. Wurin Baba Sakatare muka zo."

"Baban naku ido ɗaya gare shi yau, shi ma aro ne. Ku rage murya."

Ba su rage ba. Suka cika falo, suka bar min tulin takalma a ƙofa. Malam ya fito yana dafa bango, ya zauna a kujerarsa da baƙin tabarau kamar wani shugaban 'yan daba.

"Baba," in ji Almakashi, "makinmu ashirin da biyu. Mahauta ashirin da ɗaya. Mun ƙirga, mun sake ƙirgawa, har yaron shagona ya ƙirga. Ta yaya suka wuce mu?"

"Ni ban jera ku ba. Na'ura ce."

"To na'urar ta ci nama ne?" wani ya jefo daga baya. Ya ɗaga hanci sama. "Don mu dai muna jin ƙanshi. Kuma an ga abin da aka shigo da shi gidan nan da safe."

Nan fa raina ya ɓaci. Na ce, "Kai, wa ya yi maganar nan? Fito in gan ka. Kai ne? Kai da ka zo duniya ta ƙafa, na kwana a tsaye a kanka, yau ni za ka ce na ci hanci da cinyar rago?" Ya sunkuyar da kai ya koma bayan wani. Amma Malam, wanda ko a hukumar ruwa ba a taɓa cewa ya karɓi ko biro ba, sai ya dafa bango ya miƙe.

"Sista, kunna ta. Ku biyo ni, ku gani da idonku tunda ku kuna da shi."

Ɗakin Auta ba ya ɗaukar mutum biyar, amma ranar ya ɗauki goma sha. Numfashin wani a wuyana, gwiwar wani a bayana. Malam ya sa na sake rubuta umarnin, ya ce in bar sandar da kalmar yankan, a ga tebur gaba ɗaya. Layi takwas suka fito. Ga teloli can ƙasa, ƙarƙashin Malamai ma, da makinsu ashirin da biyu a rubuce ɓaro-ɓaro.

Ɗakin ya kaure. Malam ya ɗaga hannu.

"Karanta min layinsu. A hankali, kalma-kalma."

"Sababbin."

Ya lanƙwasa yatsa ɗaya. Sai ya tsaya. "Me kika ce?"

"Sababbin. Teloli."

"Wane ne Sababbin?"

"Mu ne, Baba," in ji Almakashi. "Ai na kawo takarda."

Malam ya lanƙwasa yatsa na biyu a hankali. Na ci gaba da karanta lambobi yana lanƙwasawa, ya ƙare hannu ɗaya ya shiga na biyu. Yatsa na bakwai ya faɗa a kan biyu, bambancin ƙwallayensu, don su teloli da ɗaya da nema suke cin mutane, kuma Direbobi sun taɓa yi musu ruwan ƙwallaye. Makin nasu ya tafi yatsa na takwas, inda babu wanda ya ce wa na'ura ta duba.

Ya daɗe riƙe da yatsun nan. Na ɗauka zai ce a yi haƙuri. Wallahi na ɗauka.

"Wa ya ce ku ƙara wa sunanku kalma?"

"Baba?"

"Ita sarari take ƙirgawa! Duk inda ta ga sarari, sabon ginshiƙi ne a wurinta. Kun tura komai gaba da taki ɗaya, ta ɗauki biyu a matsayin makinku. Shekara huɗu kowa da kalmarsa ɗaya, lafiya lau. Ke kuma, Sista, kina gani ba ki faɗa min ba."

"Na buɗe baki ka ce kanka yana sarawa."

"Ai ba ki ce kalma biyu ba ce."

"Ka bar ni na kai ƙarshen maganar ne?"

Almakashi ya ce shi dai bai gane ba, amma idan an gane to a gyara. Malam ya ce gyara mai sauƙi ne, a manne kalmomin biyu su zama ɗaya, ko a sa karan ɗori a tsakani. Nan kuma wata sabuwa ta tashi. Ashe wata guda tsofaffin teloli da samarin suka yi suna rigima a kan sunan nan, tsofaffi ba sa son a manna musu "sababbin" a jiki, samari ba sa son a cire. Da ƙyar aka sasanta a kan kalma biyu, kowa da tasa, an kuma riga an buga a bayan riguna. Wani dattijo mai tef a wuya ya ce idan aka manne su, shi ya fita daga ƙungiya. Wani saurayi ya ce to ya fita mana. Suka koma faɗa da juna a kan gadon 'yata.

Na ɗauki waya na kira Auta, don ita ma aikin kwamfuta take yi, na buɗe murya kowa ya ji. Ban gama bayani ba ta fashe da dariya.

"Baba, shekara nawa ina ce maka ka raba su da waƙafi?"

"Waƙafi yana ɓata tebur. Sai ka ce kashin ɓera a cikin shinkafa."

"To ga shi sarari ya cika maka ɗaki da teloli. Mama, buɗe fayil ɗin. Duk inda ginshiƙi ya ƙare ki sa waƙafi maimakon sarari. Wanda ke tsakanin Sababbin da Teloli ki bar shi yadda yake."

Layi takwas, kowanne waƙafi shida, da yatsa biyu, ga mutane a kaina kowa yana nuna min inda na tsallake. Auta tana faɗa ta waya, ubanta yana faɗa daga gado, kuma ba abu ɗaya suke faɗa ba. Ita ta ce bayan sort in ƙara karan ɗori da ti da waƙafi, don na'ura ta san yanzu waƙafi ne iyaka. Shi ya ce ya san wannan tun ba a haife ta ba. Ta ce to me ya hana shi. Ya ce ta yi masa shiru. Ina tsakiya sai na ji ƙauri. Romon ya ƙone ƙurmus.

Da na dawo daga kicin na danna maɓallin da ƙarfin da ya sa tebur ya girgiza. Makanikai, Direbobi, Kafintoci, Sababbin Teloli. Mahauta na biyar. Teloli suka yi ihu, suka rungumi juna, dattijon da saurayin har da tafawa. Suka fita suna yi wa Baba Sakatare addu'ar samun lafiya, ko wanda ya tambayi tukunyata babu.

Saura mahauta. Na kira Ciyaman, ya saurara, ya ce "To, to, to," daga nan wayarsa ba ta sake shiga ba sai bayan kwana biyu. Malam ya ce shi zai je da kansa, ya soma laluben takalmi. Likita ya ce babu ƙura babu rana, kasuwa kuwa babu abin da ke cikinta sai su. Na zaunar da shi, na yafa mayafi na tafi.

Shugaban mahauta mutumin kirki ne, tun ina amarya a wurinsa nake sayen nama. Na same shi yana sara ƙashi, bayansa an rataye sababbin takalman ƙwallo har da kwalinsu. Na yi masa bayani iya yadda na fahimta: sarari, ginshiƙi, yatsa na bakwai. Bai daina sara ba.

"Wato Mama, mun shiga jiya, yau mun fita."

"Dama ba ku shiga ba. Kuskure aka yi."

"Saboda teloli sun ƙara suna."

"Haka ne."

"Mu da ba mu ƙara komai ba, mu aka cire."

"Makinsu ya fi naku da ɗaya."

Ya kafa wuƙar a jikin katako. Ya dube ni ya ce, "Cinyar fa?"

Na ce rabi ya ƙone, rabi yana nan, idan yana so in aiko masa. Ya ce Allah ya kiyaye, kyauta ce, ya ba mara lafiya. Amma daga ranar, duk naman da na saya a layin nan, idan na zo gida na buɗe, ƙashi ne da jijiya. Ba su taɓa yi min rashin kunya ba, gaisuwa har ƙasa. Sai dai ƙashi.

Kwamiti ya zauna, mahauta suka nemi a buga wasan raba gardama, teloli suka ce ba za su buga abin da suka riga suka ci ba. Aka tsaya a kan tebur. Malam ya sa na rubuta masa takardar ajiye muƙami, na rubuta da farin ciki, har na kai da kaina. Ciyaman ya karanta a gaban kowa ya tambaya wa zai karɓa. Kowa ya kalli ƙasa. Aka dawo min da ita a ninke. Waƙafin kuwa ya bar shi a fayil ɗin, kuma yanzu idan an tambaya cewa yake dama yana da niyya, lokaci ne bai samu ba.

Saboda duk wannan rigima sai da aka ɗaga wasan kusa da na ƙarshe da mako biyu, kafin nan an cire bandeji. Likita ya yarda ya fita idan zai sa tabarau ya zauna a inuwa. Na ɗauki lema da kwalbar maganin ɗigawa na bi shi. Aka ba shi kujera a gaba. Mahauta sun zo gaba ɗayansu, sun tsaya a bayan ragar teloli suna goyon bayan Makanikai da duk muryar da Allah ya ba su.

Aka take wasa. Malam ya zuba ido yana kallo, yana juya kai yana bin ƙwallo da sabon idonsa. Mai tsaron gidan teloli ya fito kama wata ƙwallo mai sauƙi, ta bi ta tsakanin ƙafafunsa. Almakashi ya samu fili shi da raga, ya ɗaga ta sama har cikin tasha, aka tsaya jiran wani kwandasta ya jeho ta. Kafin hutu an zura musu uku.

Ya ɗan zame tabarau ya matso kusa da kunnena.

"Sista, dama haka suke bugawa?"

"Ni ina na sani? Yau na fara zuwa."

"Da can ina ganinsu dishi-dishi, na ɗauka gudu suke yi." Ya sake kallon fili, inda wani ɗan bayan teloli ya dafa gwiwa yana haki. "Waɗannan ba su iya ba sam."

"Ɗaga kai," na ce, "lokacin magani ya yi."

Ya ɗaga, na ɗiga masa. Yana rufe da ido aka zura ta huɗu, mahauta suka ɓarke da ihu, ya riƙe min hannu yana tambaya wa ya ci, a minti na nawa, in rubuta masa kafin a manta. Na ce ban zo da biro ba. Ina da shi a jaka.